Juma'ar da Aka Hana: Gwamnati da Limaman Katsina a Shekarar Korona

A makon ƙarshe na watan Maris, 2020, gwamnatin Jihar Katsina ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari ta dakatar da manyan taruka, ciki har da sallar Juma'a da ibadar Lahadi a coci-coci. Wata guda ke nan da samun mutum na farko mai cutar korona a Najeriya, a Legas, kuma har lokacin ba a tabbatar da ko mutum ɗaya mai ita a jihar ba. Ranar Juma'a 27 ga watan, masallatai da yawa suka wuni a rufe. A garin Kusada kuwa wani malami ya ja mutane sallah. 'Yan sanda suka tafi da shi domin ya amsa tambayoyi. Washegari Asabar matasa suka far wa ofishin 'yan sandan garin, suka cinna masa wuta, aka ƙone motoci da babura, aka yi asarar rai. Rundunar 'yan sanda ta ce ta kama mutum 90.

Bayan kwana goma, ranar 7 ga Afrilu, gwamnati ta janye dakatarwar bayan ta zauna da malamai, sarakuna da jami'an tsaro, da sharaɗin limamai su taƙaita huɗuba. A daidai wannan lokaci aka sanar da cewa cutar ta kashe wani likita a Daura. Cikin 'yan kwanaki aka sa wa Daura dokar kulle, kuma kafin azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu an sake hana taruwa, har da tafsiri da tarawihi cikin jam'i.

Hana, buɗe, sake hanawa, duk cikin ƙasa da wata guda. Wannan ɗan lokaci ya fito da abin da a kullum yake a lulluɓe: igiyoyin da hukuma ke riƙe da liman da su, tsawon kowace, da inda take tsinkewa idan aka ja da ƙarfi.

Abin da doka ta ba gwamna

Sashe na 10 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da bayyana shi a fili shi kaɗai ko cikin jama'a. Sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita wannan 'yanci ta hanyar doka saboda tsaro, zaman lafiya ko lafiyar al'umma. Akwai kuma tsohuwar dokar killace masu cuta ta 1926, wadda a kanta Shugaba Muhammadu Buhari ya dogara wajen rufe Legas, Ogun da Abuja ranar 30 ga Maris.

Saboda haka gwamna yana da hurumin hana taro. Abin da ba shi da shi shi ne hurumin cewa Juma'a ta faɗi a kan Musulmi. Na farko hukunci ne na mulki, na biyu fatawa ce, kuma babu ofishin gwamnati da kundin ya ba ikon fitar da fatawa. Talakan da ke Kusada ko Mai'adua ba ya tambayar wane sashe aka dogara da shi. Tambayarsa ita ce: idan na zauna a gida, ina da laifi wurin Allah ko ba ni da shi? Wanda zai amsa masa wannan shi ne malaminsa.

Matsayin Katsina ma yana da sarƙaƙiya. Jiha ce da ta fara aiki da shari'ar Musulunci a kotunanta tun shekarar 2000, zamanin Umaru Musa 'Yar'adua, tana da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a wadda kundin da kansa ya tanada, tana da hukumar alhazai, tana kashe kuɗi a harkar masallatai da ciyarwar azumi. Shi ya sa malamai da yawa ba su yarda a ce Najeriya ƙasa ce da ba ruwanta da addini. Sun fi cewa ƙasa ce mai addinai da yawa. Ko ma wane suna aka ba ta, sakamakon ɗaya ne: gwamnati na cikin harkar addini tsundum da kuɗinta da naɗe-naɗenta, amma ba ta da rawanin da za ta yi magana da sunan addini. Dole ta ari bakin wani.

Wa ke riƙe da liman

Bisa al'ada, limamin babban masallacin Juma'a sarki ne ke naɗa shi. A masarautun Katsina da Daura, saƙon hukuma na sauka ne daga gidan gwamnati zuwa fada, daga fada zuwa hakimai, daga hakimi zuwa dagatai da masu unguwanni, limamai kuma su ji ta bakin hakimi ko ta takardar masarauta. Buɗe sabon masallacin Juma'a ma ta wannan hanya ake neman izininsa, kuma yana da tushe a fiƙihun Malikiyya, inda asali Juma'a ta tsohon masallaci ce sai in ya yi wa jama'a kaɗan ko akwai wata larura.

Amma sarkin da ke saman wannan tsani ba shi da ikon da kakanninsa suka riƙe. Tun 1906 Turawa suka nuna inda wuƙa da nama suke, lokacin da suka tuɓe Sarkin Katsina Yero suka naɗa Muhammadu Dikko, a Daura kuma suka maido da tsohon gidan sarauta. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna, 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna ke shugabanta. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa cire sarakuna daga gudanar da mulki, kundin 1999 kuma bai ba su wani aiki ba. Gwamna ne ke amincewa da naɗin sarki, shi ke miƙa masa sanda, kuɗin gudanar da masarauta kuma daga asusun hukuma yake fitowa. Idan saƙo ya iso wa liman da tambarin fada, shi da mamunsa duk sun san daga inda ya taso.

Sannan wannan tsani bai kai ga kowa ba. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, tana da nata masallatan Juma'a da majalisar malamanta, limaminta kuma umarnin shugabannin ƙungiya yake jira. Zawiyoyin Tijjaniyya da Ƙadiriyya suna sauraren shehunansu da muƙaddamansu. Almajiran Shaikh Ibrahim Zakzaky, waɗanda gwamnatin tarayya ta haramta ƙungiyarsu a 2019, dama ba su ganin hukuma na da ta cewa a kan ibadarsu. Bayan waɗannan akwai malaman zaure masu zaman kansu, waɗanda ba sa cikin rajistar kowa, amma a ƙauyensu maganarsu ta fi ta kwamishina nauyi. Jama'atu Nasril Islam, da aka kafa a 1962, da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci, duka ƙarƙashin Sarkin Musulmi, suna iya ba da shawara, amma ba su da hanyar tilasta wa kowa.

Inda naɗi bai kai ba, gwamnatoci kan yi amfani da igiyoyi masu laushi: kujerar Hajji, buhunan hatsi a azumi, alawus, gyaran masallaci, kujera a kwamiti, lokaci a gidan rediyo da talabijin na jiha. Babu ɗaya daga cikinsu da yake haramun a kan kansa, kuma liman ma yana da iyali da zai ciyar. Sai dai jama'a na lissafi. Sun san wanda aka ba mota, sun san wanda ya je Makka sau uku a jere a kujerar gwamnati. Ranar da irin wannan malami ya hau rediyo ya ce a zauna a gida, ko da hujjarsa ta kai ƙarfin dutse, abin da wasu za su ce shi ne kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kalmar "malamin gwamnati" ita ce hasara mafi girma da wannan tsari ke jawowa, kuma gwamnati ce ke fara biyan kuɗinta ranar da ta shiga buƙata.

Mas'alar da ba a warware wa mutane ba

Masu goyon bayan rufewa suna da hujjoji ingantattu. Akwai hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa. Akwai komawar Sayyidina Umar daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke. Akwai umarnin da Abdullahi ɗan Abbas ya ba ladaninsa ranar wata Juma'a da ake ruwa, cewa ya yi kira mutane su yi sallah a gidajensu. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Katsina sun jero uzurorin barin Juma'a: ruwan sama mai ƙarfi, taɓo mai yawa, rashin lafiya, jinya, kuturta mai cutar da mutane, tsoro. Ga ƙa'idar nan ta babu cuta babu cutarwa. Saudiyya kanta ta dakatar da shigowar masu Umara daga ƙasashen waje tun ƙarshen Fabrairu, ta kuma dakatar da jam'i a masallatanta a tsakiyar Maris.

Amma masu ja ba jahilai ba ne duka, kuma kuskure ne a ɗauke su haka. Abin da suke cewa shi ne waɗannan uzurori rangwame ne ga mutum ɗaya ya ƙi zuwa, ba izini ba ne a garƙame masallaci a kan gari guda. Suna karanta ayar Suratul Baƙara da ta yi gargaɗi ga mai hana ambaton Allah a masallatai. Wanda ya yi nisa a karatu kuma zai buɗe Mukhtasar na Shaikh Khalil, babban littafin fiƙihun Malikiyya, inda aka ce a nemi izinin shugaba wajen tsayar da Juma'a, idan ya hana alhali mutane sun aminta daga cutarwarsa to ta wajaba a kansu, in ba su aminta ba kuwa ba ta isar musu ba. Wannan jumla takobi ce mai kaifi biyu. Rabinta na farko yana nuna cewa hanin shugaba shi kaɗai ba ya kayar da Juma'a. Rabinta na biyu, a zahirin lafazinsa, yana nuna cewa yin ta a ƙarƙashin barazanar kamu da tashin fitina ba abin da ake nema ba ne. Malamin da ya karanta wa almajiransa rabin farko ya tsaya, ya ba su rabin ilmi. Hukumar da ta yi kamar babu jumlar gaba ɗaya, ita ma ta bar masa fili.

Akwai kuma mafita ta tsakiya da mazhabar ta buɗe. A Malikiyya Juma'a na inganta da mutum goma sha biyu mazauna gari ban da liman, waɗanda za su kasance tun daga huɗuba har sallama. Ana iya barin babban masallaci ɗaya a kowane gari ya tsayar da ita da wannan adadi, da tazara a sahu, sauran jama'a su sallaci Azahar raka'a huɗu a gida. Kusan haka aka yi a Harami na Makka da na Madina, inda sallah ta ci gaba da ma'aikata kaɗan. Wannan tsari na da tasa wahala, domin sai an zaɓi su wa za su shiga, kuma hana na goma sha uku shiga ba ƙaramin aiki ba ne. Amma yana kashe babbar hujjar masu cewa an daina Juma'a a ƙasar Musulmi, kuma yana barin makullin masallaci a hannun liman.

Inda aka yi tuntuɓe

Kuskuren farko na jeri ne. Umarni ya riga bayani. Zaman da ya haɗa gwamnati da malamai da sarakuna har aka fitar da matsaya ɗaya, wanda aka ji labarinsa ranar 7 ga Afrilu, irinsa ake buƙata kafin Juma'ar farko, kuma a fito da shi da sa hannun kowane ɓangare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sanarwar da ta fita a tsakiyar mako ba ta da lokacin da za ta ratsa ƙananan hukumomi 34 ta kai ga kowane liman tare da hujjarta.

A duba yadda abin yake a ƙofar gidan limamin ƙauye da hantsin Juma'a. Na'ibi ya zo, ladan ya zo, dattawan sahun gaba sun zazzauna a kan tabarma a zaure. Mutanen ƙauyukan kewaye sun riga sun kamo hanya a kan babura da kekuna, wasu a ƙafa, kowa da dardumarsa a kafaɗa. Wani dattijo ya ce, "Allah gafarta Malam, yau za a yi ko ba za a yi ba?" Abin da ke hannun liman saƙon baki ne daga gidan hakimi da abin da ya ji a rediyo. Ba shi da takardar fatawa da zai karanta musu, ba shi da sunayen malaman da suka amince, ba a gaya masa ko ladan zai yi kira ba, ko me zai ce a cikin kiran, ba a gaya masa zuwa yaushe ba. Idan ya ce ba za a yi ba, ya zama mai tsoron hukuma fiye da tsoron Allah. Idan ya ce za a yi, ya zama mai laifi. An ɗora masa kaya ba a ba shi gammo ba.

Na biyu, ƙorafin da aka fi ji a bakin mutane shi ne kasuwa na ci, tasha na cike, amma masallaci ne aka ga dama a rufe. Jami'in lafiya na iya bayanin cewa abinci larura ce ta yau da gobe, kuma sahu kafaɗa da kafaɗa cikin rufaffen gini ya fi saurin yaɗa cutar numfashi. Bayanin daidai ne, amma sai an yi shi da Hausa, a bakin wanda aka yarda da shi. Kada a manta Arewa yanki ne da bai mance da gwajin maganin da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba, kuma a nan ne aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a wasu jihohi a 2003. Rikicin rigakafin ma bai lafa ba sai da aka shigo da malamai da sarakuna cikin binciken maganin.

Na uku shi ne kamu. Daga lokacin da aka sa malami a motar 'yan sanda, magana ta tashi daga halas da haram ta koma ta mutunci. Almajiri ba ya tsayawa nazarin hujja alhali malaminsa na tsare. Ƙona ofishin 'yan sanda ɓarna ce da babu mazhabar da ta halatta, kuma wanda ya yi ta ya cancanci hukunci. Amma akwai matakai kafin kamu da masarauta ta saba da su tun da daɗewa: hakimi ya kira malami gidansa, a haɗa shi da malaman da yake jin nauyinsu, in ya ƙi a kai maganar fada, in ta kama a dakatar da shi daga limanci. 'Yan sanda na tarayya ne, jami'in da ke riƙe da ofishi sau da yawa baƙo ne a garin, bai san wane malami ne ke da mabiya ɗari ba, wane ne ke da dubu. Mai unguwa ya sani. A Jamhuriyar Nijar ma, inda kundin mulkin wancan lokaci ya raba addini da hukuma ƙarara, hana jam'i da dokar hana fita sun jawo tarzoma a Yamai cikin watan Afrilun, abin da ke nuna matsalar ba ta rubutun kundi ba ce.

Janyewar 7 ga Afrilu ita ce ta fi wuyar yanke wa hukunci. Ta kwantar da hankali, ta kuma nuna gwamnati na saurare. Amma ta zo ne kwana goma bayan an ƙona ofishin 'yan sanda, kuma a lokacin da cutar ta tabbata a cikin jihar. An rufe lokacin da babu mai ita, an buɗe lokacin da ta iso. Limamin da ya tsaya gaban jama'arsa ya kare rufewa da aya da hadisi sai ya ga an janye ba tare da wani dalilin lafiya ya canza ba, bayan 'yan kwanaki kuma aka ce ya sake komawa kan maganarsa ta farko. Duk juyi ɗaya yana zaftare wani abu daga kwarjininsa. Daura ta fi sauƙin fahimta ga jama'a, domin a can an ga gawa, an san gidan, kuma kullen ya shafi kowa da kowa, kasuwa da masallaci baki ɗaya.

Dakatar da tafsirin azumi ya buɗe wata ƙofa da ba a cika lura da ita ba. Da aka hana taruwa, karatu ya koma rediyo, talabijin da Facebook. Wanda ke da kuɗin sayen lokaci ko yake da shiga a gidan rediyon gwamnati shi aka ji, malamin unguwa mai lasifika ɗaya kuma ya yi shiru wata guda. Ba wanda ya tsara haka da gangan, amma hukuma ta samu kanta tana zaɓar muryar da za ta shiga gidajen mutane a watan da aka fi sauraren malamai.

Abin da ya kamata a tanada tun yanzu

Jihar na buƙatar majalisar fatawa da ba gwamna ne ke zaɓar mutanenta shi kaɗai ba: masarautun biyu su kawo nasu, Izala ta kawo, ɗariƙu su kawo, a sa alƙalan shari'a da likitoci Musulmi, da wa'adin da ba ya ƙarewa da ƙarewar gwamnati. Duk umarnin da ya taɓa ibada ya fito da takardu biyu a rarrabe, ɗaya ta hukuma mai faɗin abin da aka hana da ranar da za a sake dubawa, ɗaya ta malamai mai faɗin hukuncin shari'a da hujjarsa, a rubuce da boko da ajami, ta isa hannun liman kafin daren Alhamis. Idan akwai malamin da bai yarda ba, a rubuta saɓaninsa a ciki, domin fatawar da ta ambaci hujjar abokin ja ta amsa ta ta fi shiga zuciya. Alawus ɗin limamai kuma, in za a biya, a biya shi bisa ƙa'ida a bayyane ga duk wanda ya cika sharaɗi, ta yadda ba za a iya yanke wa mutum shi ba saboda huɗubar da ya yi.

Maganar ta ƙara nauyi yanzu. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa, wadda ta hau a 2023, ta kafa hukumar Hisba da ta zakka da waƙafi, wato malamai da yawa sun zama ma'aikatan hukuma da ofis da albashi. A lokaci guda kuma, ta wannan tsani na fada, hakimi da liman ake bi a nemi a yi alƙunut saboda 'yan bindiga, a yi huɗuba kan rigakafin yara, a ja hankalin mutane kan masu kai wa ɓarayin daji bayanai. A ƙananan hukumomi irin su Jibiya, Batsari da Safana, limamin da aka ce ya yi huɗuba a kan masu kai bayanai yana yin ta ne a gaban sahun da mai yiwuwa ɗaya daga cikinsu ke zaune, sannan ya koma ya kwana a garin da babu ofishin 'yan sanda kusa.